Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Aka Gano Atam da Dokokin Haɗuwar Sinadarai

Ɗalibai da yawa sun haddace sunayen Dalton da Thomson da Rutherford da Bohr a jere, kamar jerin sarakunan gari. Amma in ka ce ɗalibi ya faɗi abin da kowannensu ya auna, da kayan da ya yi aikin da su, sai ka ji tsit. Amsoshin nan sun karkata ga wannan ɓangaren: me aka ɗora a sikeli, wace lamba ta fito, a ina aka yi tuntuɓe. Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. "Sinadarin asali" shi ne wanda ƙonawa ko narkarwa ko gaurayawa ba sa fasa shi ya koma wasu abubuwa, kamar zinare da zaiba da oksijin. "Haɗaɗɗen sinadari" kuwa shi ne wanda aka gina da na asali biyu ko fiye, kamar ruwa da gishiri.

Wa ya fara cewa da atam aka gina komai?

Mutanen Girka biyu ne, Leucippus da almajirinsa Democritus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hujjarsu ta tunani ce zalla: in ka yi ta raba abu gida biyu, dole ka iske ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa. Kalmar atam daga harshensu take, ma'anarta "wanda ba ya yankuwa". Ba su auna komai ba, don haka ba su da abin da za su kayar da abokin gardama da shi. Da Aristotle ya ƙi ra'ayin, ya ce ƙasa da ruwa da iska da wuta ne tushen komai, maganarsa ce ta yi rinjaye kusan shekara dubu biyu. Malaman ilimin kalam na Musulunci, musamman Ash'ariyya, su ma sun yi magana kan juzu'in da ba ya rabuwa, sai dai tasu muhawarar ta aƙida ce, ba ta ɗakin gwaji ba.

Ina matsayin su Jabir ibn Hayyan?

Kalmar "kimiyya" da muke kiran dukan fannin da ita, asalinta sunan sana'arsu ne. Littattafan da ake jingina wa Jabir, wanda aka ce ya zauna a Kufa a ƙarni na 8, da na Abubakar al-Razi mutumin Rayy, wanda ya rasu wajen 925, sun bar wa na baya hanyoyin aiki: tatsar ruwa ta tururi a tukunyar anbiƙ, tacewa, busar da ruwa don gishirinsa ya fito, gasa ma'adinai har su zama gari. Sunan da Turawa ke kiran dangin kanwa da ruwan toka da shi, wato alkali, daga Larabci ya fito, sunan tokar wasu tsirrai ne. Babu ruwansa da alƙalin kotu.

Burinsu na mayar da darma zinare ne bai yiwu ba, kuma yau an san dalili. Bambancin su biyun yana can cikin cibiyar atam: darma tana da furoton, wato ƙwayoyi masu caji da ke cikin cibiyar, guda 82, zinare 79. Wutar maƙera da ruwan asid iyakarsu bayan atam, ba sa kaiwa cibiya.

Me ya sa aka daɗe ba a gane ƙonuwa ba?

Ido ne ke ruɗi. Ka ƙona buhun gawayi, 'yar toka ce za ta rage, sai ka ce wani abu ya fita. A farkon ƙarni na 18 Bajamushe Georg Stahl ya yaɗa ra'ayin cewa duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani abu mai suna fulojiston, ƙonuwa kuma fitarsa ce. Ra'ayin ba na wawaye ba ne. Ya bayyana dalilin da kyandir ke mutuwa a rufaffen tulu, wai iskar ta ƙoshi da fulojiston; ya bayyana dalilin da gawayi ke mayar da garin ƙarfe ya koma ƙarfe, wai ya sam masa nasa. Matsalar guda ce amma babba: in aka gasa kuza ko darma a iska, garin da ke fitowa ya fi ƙarfen nauyi. Yaya abu zai yi asara kuma ya ƙara nauyi? Har aka samu masu cewa nauyin fulojiston ƙasa da sifili yake.

Yaya Lavoisier ya warware ta?

Ya rufe komai ya auna, har da iskar, wadda na gabansa ke bari ta shiga ta fita ba lissafi.

Ya zuba zaiba oza 4, kimanin giram 120, a kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe. Bakin wuyan ya shiga ƙarƙashin tulun gilashi da aka kife a kan kwanon zaiba, yadda iskar ciki, kusan lita ɗaya, ba ta da mafita. Ya riƙe zaibar da zafi dab da tafasa har kwana 12. Daga rana ta biyu jan gari ya fara bayyana a samanta, ya yi ta ƙaruwa, daga baya ya tsaya. Iskar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, wadda ta saura kuma tana kashe kyandir, dabba ba ta iya numfashi a ciki.

Rabi na biyu ne ya kashe bakin gardama. Ya kwashe jan garin, kimanin giram 2.4, ya gasa shi da wuta mai ƙarfi. Sai ga zaiba giram 2.2 da iska kimanin mililita 150, gwargwadon wadda ta ɓace. Da ya mayar da ita cikin ragowar, sai ta koma irin iskar da muke shaƙa. Ke nan ƙonuwa haɗuwa ce da wani ɓangare na iska, kuma nauyin da aka fara da shi, shi ne nauyin da aka ƙare da shi.

Mai lura zai ce oksijin ai kashi 21 cikin 100 ne na iska, ya aka yi ya samu ɗaya cikin shida? Zaiba ba ta cinye oksijin duka, domin zafin da ke haɗa su bai yi nisa da zafin da ke raba su ba.

To shi ne ya gano oksijin?

Mutum uku ke da rabo. Carl Scheele, mai haɗa magunguna a Suwidin, ya samar da iskar wajen 1772, amma littafinsa bai fito ba sai 1777. Joseph Priestley a Ingila ya same ta ranar 1 ga Agusta 1774, da ya tara hasken rana da babban gilashi a kan wannan jan garin zaiba. Ya ga kyandir na ci da ƙarfi a cikinta, daga baya ya ga ɓera ya daɗe da rai fiye da a iskar yau da kullum, amma har ya mutu yana kan fulojiston. Lavoisier bai riga su samun iskar ba. Shi ne dai ya gane ko mece ce.

Shi ma yana da nasa kuren. Sunan oksijin da ya raɗa yana nufin "mai haifar da asid", don ya ɗauka kowane asid na ɗauke da shi. Humphry Davy ya nuna a 1810 cewa asid ɗin da ake samu daga gishiri ba shi da oksijin ko kaɗan. A jerin sinadaran asali 33 da ya buga a 1789 akwai haske da zafi, akwai farar ƙasa wadda daga baya aka fasa ta. Matarsa Marie-Anne ce ta zana kayan aikin, ta kuma riƙa fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila. An fille masa kai a Mayun 1794 lokacin juyin juya halin Faransa, saboda hannunsa a harkar karɓar haraji.

Dalton bai ga atam ba. Da wace hujja ya tsaya?

Da lissafin nauyi. Kafin shi Joseph Proust ya nuna cewa haɗaɗɗen sinadari kullum awonsa ɗaya ne. Ruwan rijiya ko na sama, in an tsarkake shi, kowane giram 9 yana da haidirojin giram 1 da oksijin giram 8. Dalton, malami a Manchester, ya hango abin da ya fi wannan. Kabon yana yin iska iri biyu da oksijin. Da alƙaluman yau, a ta farko giram 12 na kabon yana ɗaukar oksijin giram 16. Ita ce iskar da ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. A ta biyu giram 12 yana ɗaukar giram 32. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tasowa in an zuba tsami a kan kanwa. 16 da 32, ɗaya da biyu cif. Babu 20, babu 27. Da abu kamar kunu yake, ana dama shi yadda aka ga dama, da ba a ga haka ba. Amma in ƙwayoyi ne ɗaiɗai, ɗaya ta kama ɗaya ko ta kama biyu, lambar da kanta za ta fito. Ya rubuta jerin nauyin atam na farko a 1803, ya buga cikakken bayani a 1808.

Inda ya faɗi shi ne, sikeli yana faɗin nauyin da ya haɗu, ba ya faɗin yawan ƙwayoyin. Sai ya zaɓi mafi sauƙi, ya ce ruwa atam ɗaya ne na haidirojin da ɗaya na oksijin. Nauyin oksijin ya fito masa 7, alhali 16 ne, kuma duk nauyin da aka lissafa daga wannan ya gaji kuskuren.

Wa ya gyara masa?

A 1808 Gay-Lussac ya nuna cewa lita 2 na haidirojin da lita 1 na oksijin suna ba da lita 2 na tururi. A 1811 Amedeo Avogadro ɗan Italiya ya ce in zafi da matsi ɗaya ne, kowace iska lita ɗayanta yawan ƙwayoyi ɗaya take ɗauke da shi. In haka ne, yaya oksijin na lita ɗaya ya wadaci tururin lita biyu? Dole kowace ƙwayarsa tagwayen atam ce da ke rabuwa. Daga nan ruwa ya zama haidirojin biyu da oksijin ɗaya, nauyin oksijin kuma 16.

An yi watsi da maganar kusan shekara 50. Babban dalili shi ne Berzelius na Suwidin, wanda ya ƙirƙiro alamomin haruffa irin su H da O da Fe, yana ganin cajin lantarki mabambanta ne ke haɗa atam, don haka iri ɗaya biyu ba za su manne ba. Kuma a lokacin maganarsa ce doka. Sai a taron Karlsruhe na Jamus a Satumbar 1860, inda masana kimanin 140 suka hallara, aka raba ƙasidar Stanislao Cannizzaro mai nuna yadda ra'ayin Avogadro ke daidaita nauyin atam duka. Cikin waɗanda suka tafi da ita gida akwai Mendeleev da Lothar Meyer.

Me ya kawo yawan sababbin sinadarai a ƙarni na 19?

Kayan aiki biyu. Na farko batir ɗin Volta na 1800: faifan tutiya da na tagulla a jere, da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakani. A shekarar Nicholson da Carlisle suka fasa ruwa da shi. Davy ya fara gwada shi a kan fotash, wani alkali da ake samu daga toka, narkakke a ruwa, bai samu komai ba sai haidirojin da oksijin, domin ruwan ne ke rigan fashewa. A 1807 ya ɗauki dunƙulen fotash mai ɗan danshi kawai, wutar ta narkar da shi, sai ga ɗigo-ɗigon ƙarfe masu sheƙi, wasu na kamawa da wuta: fotasiyom ke nan. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyom, a 1808 kuma kalsiyom da maganiziyom da bariyom da sitirontiyom.

Na biyu na'urar rarraba haske ta Bunsen da Kirchhoff a Heidelberg. Ana sa abu a harshen wuta, hasken ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai layuka su fito, kowane sinadari da nasa. Ruwan ɗorawar da kake gani in gishiri ya zuba a wutar gas, layin sodiyom ne. Layuka biyu shuɗɗa da ba a san mai su ba ne suka tona siziyom a 1860, kuma sai da aka ƙafar da ruwan maɓuɓɓuga kimanin tan 40 kafin a samu 'yan giram na gishirinsa. An ga layin hiliyom a hasken rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a ƙasa.

Ba Mendeleev kaɗai ya jera sinadarai ba. Me ya sa sunansa ya tsaya?

Döbereiner ya kasa wasu uku-uku a 1829, Newlands ya lura a 1865 cewa hali na maimaituwa a na takwas, Meyer ya zana jadawali mai kyau. Mendeleev ya yi abin da sauran suka yi shakkar yi. A 1869, da sinadarai 63 a hannunsa, ya bar gurabe, daga baya ya faɗi halayen masu zuwa da lambobi.

Na gurbin da ke ƙarƙashin alminiyom a jadawalinsa, ya ce nauyin atam ɗinsa zai kai 68, kowane santimita kubik nasa giram 5.9. Da Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyom a Faransa a 1875, ya auna ya samu 4.7. Mendeleev, wanda ko ganin ƙarfen bai yi ba, ya rubuta cewa samfurin ne ba shi da tsabta. Aka sake tacewa aka samu 5.9. Na ƙarƙashin silikon ya ce 72 da 5.5, jamaniyom da Winkler ya gano a 1886 ya zo da 72.6 da 5.35.

Ya kuma sa teluriyom gaban ayodin duk da ya fi shi nauyi, 127.6 da 126.9, don halinsu ya nuna haka. Jerin daidai ne, amma dalilin da ya bayar, wai an yi kuskuren awo, ba daidai ba ne.

Yaya iskar da ta kusa kashi 1 cikin 100 na sararin sama ta ɓoye har 1894?

Sunanta agon. Ba ya haɗuwa da komai, don haka kullum yana laɓe cikin naitirojin. Lord Rayleigh ya auna naitirojin da aka tace daga iska ya samu giram 1.2572 a lita. Wanda aka samar daga sinadarai kuwa 1.2505. Bambancin rabin kashi ɗaya ne cikin 100, irin wanda wani zai ɗora wa sikeli laifinsa. Shi bai yi haka ba. William Ramsay ya yi ta bi da naitirojin ɗin iska ta kan jan maganiziyom har ya shanye, ya rage wata iska mai layukan da ba a sani ba. Abin mamaki, tun 1785 Henry Cavendish ya rubuta cewa wani ɗan kumfa, kimanin kashi 1 cikin 120, ya ƙi haɗuwa da komai a gwajinsa.

Yaushe kowa ya yarda cewa atam gaskiya ne, ba dabarar lissafi ba?

A makare ƙwarai. Har farkon ƙarni na 20 manya irin su Ostwald da Mach suna musu. A 1905 Einstein ya lissafa yadda bugun ƙwayoyin ruwa zai sa ƙananan abubuwa rawar da Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma tun 1827. Jean Perrin ya gwada a 1908: ya yi watanni yana tankaɗe ƙwayoyin ƙaro har girmansu ya zo ɗaya, ya ƙirga su hawa-hawa a cikin ɗigon ruwa, ya bi tafiyarsu. Lambar da ya samu ta zo kusa da 7 mai sifili 23 a baya. Ta yau 6.022 × 10²³ ce, yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwa giram 18, babban cokali ɗaya da ɗan ƙari. Hanyoyi mabambanta suka riƙa ba da kusan lamba ɗaya, Ostwald ya sallama.

Yaya aka gano ilektiron?

A bututun gilashi da aka zuƙe iskarsa, in an ba shi lantarki mai ƙarfi, wani haske na fitowa daga ƙarfen gefe ɗaya. Heinrich Hertz ya gwada karkatar da shi da faranti biyu masu caji, bai karkata ba, sai aka ce ba ƙwayoyi ba ne. Ashe ragowar iskar bututun ce ke ɗaukar caji ta kashe ƙarfin farantan. J.J. Thomson a Cambridge ya zuƙe iskar sosai a 1897, hasken ya karkata. Ya daidaita jan lantarki da na maganaɗisu har suka soke juna, ya samu gudun ƙwayoyin, daga nan ya lissafa cajinsu gwargwadon nauyinsu. Ko wane ƙarfe ya sa, ko wace iska, amsar ɗaya ce, kuma ƙwayar ta gaza atam ɗin haidirojin nauyi fiye da sau dubu. Yau an san ta gaza furoton sau 1836 ne.

Cajin kansa Robert Millikan da ɗalibinsa Harvey Fletcher suka auna a Chicago daga 1909. Ɗigon ruwa na ƙafewa kafin a gama awo, sai suka koma ga feshin mai, suna tsayar da ɗigo ɗaya tsakanin faranti biyu. Sakamakon 1913 ya yi ƙasa da kusan kashi 0.6 cikin 100, saboda lambar kaurin iska da aka sa a lissafin ba daidai take ba.

Me Marie Curie ta ƙara a kan abin da Becquerel ya gani?

A ƙarshen Fabrairun 1896 hadari ya hana Becquerel shanya gishirin yuraniyom a rana, sai ya ajiye shi a aljihun tebur tare da farantin hoto naɗaɗɗe. Da ya wanke farantin ranar 1 ga Maris, ya ga ya yi baƙi, alamar wani haske da ido ba ya gani yana fita daga gishirin. Shi gani ya yi. Curie aunawa ta yi. Ta gano cewa ƙarfin hasken yana bin yawan yuraniyom ne kawai, ke nan daga cikin atam yake fitowa. Sannan ta ga wani dutsen ma'adini ya fi yuraniyom ɗin da ke cikinsa ƙarfi, dole akwai baƙo a ciki. Ita da mijinta Pierre suka sanar da foloniyom a Yulin 1898, radiyom a Disamba. Radiyom halinsa kamar na bariyom ne, don haka raba su sai da narkarwa da daskararwa sau ba adadi. A 1902 ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom daga tan-tan na dusar ma'adini. Littattafan aikinta har yau suna fitar da hasken.

Me ya faru a gwajin fallen zinare?

Kayan huɗu ne: tushen ƙwayoyin alfa, wato ƙwayoyi masu caji da dangin radiyom ke harbowa, a cikin kariyar darma, fallen zinare da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita kauri ba, allo mai shafin tutiya da farar wuta wanda ke ƙyaftawa in ƙwaya ta buge shi, da madubin ƙara girma. Zinare aka zaɓa don ya fi kowane ƙarfe buguwa siriri, ga atam ɗinsa da nauyi. Geiger da Marsden kan zauna a duhu har idonsu ya saba, sannan su ƙirga ƙyaftawar da ido. A 1909 suka ga yawanci na wucewa, amma kimanin ɗaya cikin 8,000 na dawowa baya. Wannan lambar da fallen filatinom aka same ta. Bisa siffar Thomson, inda caji ke warwatse ko'ina, hakan ba zai yiwu ba. A 1911 Rutherford ya lissafa cewa caji da kusan dukan nauyi suna dunƙule a wata 'yar cibiya. Da atam ɗin zinare zai kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarsa ba za ta wuce ƙwayar dawa ba.

Zanen da ake yi a makaranta, ilektiron na kewaya cibiya, daidai ne?

Na Bohr ne na 1913, kuma rabin gaskiya ne. Bisa dokokin lantarki na lokacin, ilektiron mai kewayawa zai zubar da ƙarfinsa ya faɗa cibiya nan take. Bohr ya ce hawa-hawa ƙayyadaddu yake zama, haske na fita ne in ya sauko. Saukowa daga hawa na 3 zuwa na 2 ta ba da jan layin haidirojin na nanomita 656, daga na 4 zuwa na 2 ta ba da 486, daidai da awo. Da aka zo hiliyom mai ilektiron biyu, lissafin ya watse. De Broglie a 1924 da Schrödinger a 1926 suka maye gurbin da'irar da lissafin inda aka fi tsammanin samun ilektiron. Jerin 2, 8, 8 na yawan ilektiron a kowane hawa yana aiki har zuwa kalsiyom, sinadari na 20. Daga nan sai an koma ga sabon bayanin.

Me ya sa nauyin kulorin 35.5 ne? Akwai rabin atam?

Babu. Gauraye ne: kimanin kashi 76 cikin 100 masu nauyin 35, kashi 24 masu 37. Frederick Soddy ya kira irin waɗannan aisotof a 1913, Francis Aston ya raba su da na'urarsa daga 1919. A 1913 ɗin ne kuma Henry Moseley ya nuna da hasken eksire cewa cajin cibiya ne ke jera sinadarai, ba nauyi ba. Teluriyom 52 ne, ayodin 53, rigimar Mendeleev ta ƙare. Ya nuna gurabe a 43 da 61 da 72 da 75, duka an cike su daga baya. An kashe shi a yaƙin Gallipoli a 1915 yana da shekara 27.

Abin da ke bambanta nauyin aisotof ya bayyana a 1932. Irène Curie da mijinta Joliot sun ga wani haske daga beriliyom yana fizgo furoton daga kakin farafin, suka ɗauka hasken gama ne. James Chadwick ya lissafa ya ga hasken gama ba shi da wannan ƙarfin. Dole ƙwaya ce marar caji mai nauyin furoton. Niyutiron ke nan.

Yaya aka gane cewa cibiya na tsagewa?

A Disambar 1938 a Berlin, Hahn da Strassmann suna harbin yuraniyom da niyutiron, suna tsammanin radiyom. Sun zuba bariyom don ya kwaso shi, amma duk dabarar Curie ta kasa raba su. Dalili: abin bariyom ne da kansa. Lise Meitner, wadda ta gudu Suwidin daga mulkin Nazi, da Otto Frisch ɗan 'yar'uwarta, suka fassara: furoton 92 na yuraniyom sun rabu 56 da 36, bariyom da kirifton, ɗan nauyin da ya ɓace kuma ya zama makamashi. Ida Noddack ta yi wannan zato tun 1934 ba a saurare ta ba, lambar Nobel kuma Hahn kaɗai aka ba. Aisotof mai tsagewa cikin sauƙi, yuraniyom 235, kashi 0.72 ne kawai cikin 100 na abin da ake haƙowa, ko a Arlit ta Nijar inda aka fara haƙa a 1971, ko kusan ko'ina. Yawancin tashoshin lantarki na bukatar a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5.

Wanne daga cikin waɗannan za a iya maimaitawa a makaranta?

Awon oksijin. A wanke soson ƙarfe mai yin tsatsa da ruwan tsami don man jikinsa ya fita, a cusa shi ƙasan silinda mai awo, a kife a kwanon ruwa, a bari kwana biyu zuwa uku. Ruwa zai hau kusan kashi ɗaya cikin biyar. In bai kai ba, ko soson ya yi kaɗan, ko marar tsatsa ne, ko zafin ɗakin ya canja. Kada a dogara da na kyandir: yana mutuwa tun da sauran oksijin da yawa, hawan ruwan kuma yawanci hucewar iska mai zafi ce.

Fasa ruwa. Batir mai bolt 9, bakin fensir biyu, ruwa da ɗan sodiyom salfet. Ban da gishirin girki, don yana fitar da kulorin. Ana sa ran haidirojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya, amma oksijin kan gaza, domin ya fi narkewa a ruwa, wani kuma yana cin bakin fensirin. A nisanta haidirojin da wuta.

Dokar nauyi. Kanwa da ba ta wuce giram 2 ba da ruwan lemun tsami, a robar lemo mai lita ɗaya ko fiye. A buɗe nauyi zai ragu. A rufe da murfi ba zai motsa ba. In balan-balan aka ɗaura a baki, sikeli zai ɗan sauka duk da babu abin da ya fita, domin kowace lita da balan-balan ya kumbura tana ture iskar waje mai nauyin giram 1.2.